Takobin Iniyasu: Ibada da Ramuwa a Waƙar Birjil

Luka ya ambaci sunan Kaisar Augustas sau ɗaya a labarin haihuwar Yesu, ya wuce. Masu karatunsa na farko ba su bukaci bayani ba, gama a cikin mulkin Roma suke kwana suna tashi. Mu kuwa da muke koyar da Sabon Alkawari bayan shekaru dubu biyu, dole mu nemi sanin abin da Romawa suke faɗa wa kansu game da wannan mulki, da dalilin da ya sa suke ganin alloli ne suka ba su shi. Babu littafin da ya fi nuna mana wannan kamar doguwar waƙar Birjil, wadda littattafai ke rubuta sunanta Aeneid, mu kuma za mu ce da ita Iniyad. Da ita ake koya wa yara karatun Latin. An sami baitocinta a rubuce a bangayen birnin Fompeyi, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Har a Masada, kagarar da Yahudawa suka yi tsayuwarsu ta ƙarshe wajen shekara ta 73, masu tonon tarihi sun tsinci guntun takarda da layi ɗaya na waƙar, ana kuma kyautata zaton wani sojan Roma ne ya rubuta shi.

An haifi Birjil a shekara ta 70 kafin haihuwar Almasihu, kusa da Mantuwa a arewacin Italiya, ya rasu a shekara ta 19 kafin Almasihu a Birundisiyum. Shekaru masu yawa na rayuwarsa cikin yaƙin basasa ya yi su. Ya ga kisan Yuliyus Kaisar, ya ga yadda aka ƙwace gonakin talakawa aka raba wa tsofaffin sojoji, ya ga Oktabiyan ya ci Antoni da Kiliyofatara a yaƙin ruwa na Aktiyum a shekara ta 31, kafin majalisa ta naɗa masa sunan Augustas a shekara ta 27. Kimanin shekara goma ya yi yana aikin waƙar. Littafi goma sha biyu ce, layi kusan 9,900, kuma bai gama gyaranta ba, har yau akwai layuka fiye da hamsin da suka tsaya a rabi. Marubutan tarihinsa na dā sun ce ya so a ƙone ta, amma Augustas ya hana, ya sa abokansa biyu, Bariyus da Tukka, suka fitar da ita.

Labarin a taƙaice shi ne: Girkawa sun ci birnin Taroya da yaƙi, a yankin da daga baya aka gina Taruwasa, inda Manzo Bulus ya shiga jirgi zuwa Makidoniya. Iniyasu, ɗan allahiya Benus, ya fito daga birnin yana ci da wuta, ya goya tsohonsa Ankisis, yana riƙe da hannun ɗansa, tsohon kuma yana rungume da gumakan gidansu. Matarsa ta ɓace a cikin ruɗanin daren. (Kada a haɗa shi da Iniyasun Lidda wanda Bitrus ya warkar, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Shekara bakwai suna yawo a teku, allahiya Juno tana binsu da ƙiyayya, har suka isa Italiya, inda ƙaddara ta ce zuriyarsu za ta kafa Roma. Gidan Yuliyus, wato gidan Augustas, suna cewa daga ɗan Iniyasu suka fito. Don haka tun daga tushe waƙar tana da kamannin kirarin fada, kuma haka Sarbiyus, malamin da ya yi mata sharhi wajen shekara ta 400, ya fahimce ta. A wurinsa nufin mawaƙin abu biyu ne: ya bi sawun Homa na Girkawa, ya kuma yabi Augustas ta hanyar yabon kakanninsa.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba mu ɓata takarda a kanta ba. Maroƙan sarakuna ba su da wuyar samu a kowane zamani. Abin da ya sa waƙar ta cancanci nazarin mai hidima shi ne kalmar da Birjil ya liƙa wa jaruminsa tun daga farko, wato pietas. Ba mu da kalma ɗaya a Hausa da ta ɗauke ta duka. Ta ƙunshi ibada ga alloli, da biyayya ga iyaye, da riƙon amanar dangi da ƙasa, wato mutum ya sauke kowane nauyi da aka ɗora masa ko da zuciyarsa ba ta so. Kishiyarta a waƙar ita ce furor, haukan fushi ko na sha'awa wanda ke ɗauke hankali. A littafi na ɗaya Jubita, sarkin alloli, ya yi wa Benus alkawari cewa mulkin Romawa ba zai sami iyaka ba, ko ta ƙasa ko ta zamani, kuma a kwanakin Kaisar za a rufe ƙofofin yaƙi, a ɗaure wannan haukan fushi da sarƙa a ciki. Mai karatu sai ya gyara zama yana jiran ya ga ibada ta ci nasara a kan hauka.

Gwaji na farko ya zo a Kartaj, a gaɓar Tunisiya ta yau. Sarauniya Dido, ita ma 'yar gudun hijira ce da take gina sabon birni, ta karɓi baƙin hannu biyu. Benus da Juno, kowace da nata dalilin, suka haɗa baki suka haɗa ta da Iniyasu. Ta ɗauki zamansu a matsayin aure. Da Jubita ya aiko manzonsa ya tuna wa Iniyasu aikin da ke gabansa, sai ya sa a shirya jirage a ɓoye. Da ta tsare shi, ya ce shi bai taɓa ɗaura aure da ita ba, kuma ba da son ransa yake tafiya Italiya ba. Ta kashe kanta da takobin da ya bari, ta kuma la'anci zuriyarsa da gaba ta har abada. Kowane Baroma ya san inda la'anar ta nufa: yaƙe-yaƙen Hanibal, da rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Almasihu. Abin lura shi ne, a daidai wurin da Iniyasu ya juya mata baya ya koma ga jiragensa, nan Birjil ya sake kiransa mai pietas. Amma mafi daɗin baitocin littafin, mafi shiga zuciya, a bakin matar ya sa su. Agustin, wanda ya yi karatu a Kartaj ɗin kanta bayan an sake gina ta, ya faɗa a littafinsa na ikirari cewa yana yaro ya yi wa Dido kuka, alhali bai yi wa ransa da ke nesa da Allah kuka ba. Ya zargi kansa, amma shaidarsa ta nuna mana inda waƙar take jan hawayen mai karatu.

A littafi na shida Iniyasu ya sauka lahira ya ga mahaifinsa. Ankisis ya nuna masa jerin jarumawan Roma da ba a haifa ba tukuna, ya kuma ba shi wasiyyar da ta zama taken daular. Ma'anarta ita ce wasu al'ummai za su fi Romawa iya sassaƙa da iya magana da sanin taurari, amma rabon Baroma shi ne mulki: ya kafa tsarin salama, ya ji tausayin wanda ya miƙa wuya, ya murƙushe mai girman kai. Mu riƙe wannan wasiyya, domin da ita za a auna ƙarshen waƙar. Akwai kuma abubuwa biyu da suka daɗe suna damun masana a nan. Jerin jarumawan ya ƙare ne da makokin Marsellus, ɗan 'yar'uwar Augustas da ake sa ran zai gaje shi, wanda ya mutu yana saurayi a shekara ta 23. Sannan da Iniyasu zai fito, ƙofofi biyu ne, ɗaya ta mafarkan gaskiya, ɗaya ta hauren giwa wadda mafarkan ƙarya ke bi, kuma ta ƙofar ƙaryar aka fitar da shi. Birjil bai yi bayani ba.

Rabin waƙar na biyu yaƙi ne. Sarki Latinus ya yarda ya ba Iniyasu 'yarsa Labiniya, amma Turnus, sarkin Rutulawa, ya riga ya nema. Juno ta kirawo Alekto, aljanar fushi daga lahira, ta hura wuta. Wani tsohon sarki mai suna Ebanda ya ba Iniyasu amanar ɗansa tilo, Falas, ya koya masa yaƙi. Turnus ya kashe yaron, ya tuɓe ɗamarar takobinsa ya rataya. Daga nan Iniyasu ya zama wani mutum dabam. Ya kama samari takwas da rai don a yanka su hadaya a jana'izar Falas, ya kashe waɗanda suka durƙusa suna roƙonsa, har da wani firist da ke sanye da kayan aikinsa.

A ƙarshen littafi na goma sha biyu mutanen biyu suka kara. Mashin Iniyasu ya soki Turnus a cinya, ya faɗi. A gaban rundunonin biyu ya amsa cewa an ci shi, ya sallama Labiniya, ya roƙi Iniyasu ya tuna da nasa uban ya ji tausayin tsohon Turnus, ya mayar da shi gida da rai, ko kuwa gawarsa. Iniyasu ya dakata, maganar ta fara shigarsa. Sai idonsa ya faɗa kan ɗamarar Falas a kafaɗar Turnus. Fushi ya kama shi kamar wuta, ya ce Falas ne yake yanka shi hadaya da wannan sara, ya nutsa takobi a ƙirjinsa. Ran Turnus ya fice da nishi da baƙin ciki zuwa cikin inuwoyi, waƙar ta ƙare. Babu ɗaurin aure, babu kafa birni, babu ko jana'iza. Homa da Birjil ke bi ya rufe tasa waƙar, Iliyad, da tsoho Firiyam a tantin Akilis suna kuka tare, da kuma binne Hekta cikin mutunci. Birjil ya san wannan sarai, ya ƙi bi. Masu Latin sun kuma lura cewa kalmar da ya yi amfani da ita wajen nutsa takobin, condere, ita ce ya yi amfani da ita a farkon waƙar wajen kafa birni.

A kan waɗannan layuka ne masana suka rabu. Masanan Turai irin su Viktor Pöschl, wanda littafinsa ya fito a 1950, sun karanta waƙar a matsayin nasarar tsari a kan hargitsi, Turnus kuma shi ne hargitsin da dole a kawar. Wasu Kiristoci ma sun wuce haka. Theodor Haecker a 1931 ya kira Birjil uban Yammacin duniya, T. S. Eliot kuma ya ga Iniyasu kamar share fagen jarumin Kirista mai bin kira. A 1963 Adam Parry ya rubuta cewa muryoyi biyu ne a waƙar, ta fili mai shelar nasarar Roma, da ta ciki mai makokin abin da aka rasa. Michael Putnam a 1965 ya ce a ƙarshen waƙar Iniyasu ne aka ci, gama haukan da ya yi ta yaƙa shi ya mallake shi. Ana kiran wannan ra'ayi makarantar Harvard, wasu kuma suna cewa yaƙin Biyetnam ne ya ba shi kasuwa a Amurka. Karl Galinsky ya mayar da martani a 1988 cewa Romawa ba su ɗauki kowane fushi a matsayin laifi ba, kuma Turnus ya karya yarjejeniya, don haka hukuncinsa daidai ne.

Hujjar Galinsky tana da ƙarfi fiye da yadda zuciyarmu ke so. A wurin Baroma ramuwar jini tana cikin pietas. Oktabiyan ya ɗauki ramuwar kisan Yuliyus Kaisar a matsayin haƙƙin ɗa ga uba, ya yi wa'adin gina haikali ga Mars Mai Ramuwa a yaƙin Filibi a shekara ta 42, aka keɓe shi a shekara ta 2 kafin Almasihu. Sarbiyus ma ya ce Iniyasu ya nuna ibada sau biyu, da ya yi tunanin yafewa, da kuma da ya kashe saboda Ebanda. Amma a ganinmu wannan hujja ba ta wanke waƙar ba, sai dai ta nuna inda ciwon yake. In har tausayi ibada ne, ramuwa ma ibada ce, to ibadar ba ta da ma'aunin da za ta zaɓi ɗaya idan suka yi karo. Wasiyyar Ankisis kanta ta rabu biyu a hannun ɗansa: Turnus ya miƙa wuya, ya kamata a tausaya masa, Turnus mai girman kai ne, ya kamata a murƙushe shi. Wa zai yanke? Mai takobi ne ya yanke, a lokacin da jininsa ke tafasa.

Masu cewa sukar Iniyasu sabon yayi ne na ƙarni na ashirin sun manta da Laktantiyus, malamin Kirista daga Arewacin Afirka wanda ya koyar da ɗan Sarki Konstantin. A farkon ƙarni na huɗu, a littafi na biyar na babban aikinsa kan koyarwar Allah, ya ɗauko samarin nan da aka kama don hadaya, da masu roƙon da aka kashe, ya ce mawaƙin bai san mene ne ibada ba, tun da ya kira wannan aiki da sunanta. Laktantiyus yana rubutu ne a lokacin tsanantawar Diyokiletiyan, lokacin da masu ibada irin ta Roma suke kashe Kiristoci don kare alfarmar alloli. Ba wasan ƙwaƙwalwa yake yi ba. Sai dai muna ganin ya yi wa Birjil rashin adalci kaɗan. Mawaƙin da bai san abin da yake yi ba, ba zai sa jaruminsa ya dakata ba, ba kuma zai kwatanta fushinsa da irin kalmomin da ya kwatanta haukan Dido da na Turnus ba.

Inda muke ganin ɓangarorin biyu suka gaza shi ne sun zuba ido ga halin Iniyasu ko siyasar Augustas, alhali tambayar da Birjil ya buɗe waƙar da ita a kan alloli take: ko irin wannan fushi yana iya zama a zukatan na sama? Denis Feeney, a littafinsa na 1991 kan alloli a waƙoƙin jarumta, ya taimaka wajen mayar da hankali can. Kafin karon ƙarshe, Jubita da Juno sun yi sulhu a sama. Juno ta yarda ta janye, bisa sharaɗin cewa Latinawa za su riƙe sunansu da harshensu da tufafinsu, sunan Taroya kuma ya mutu. Ba ta tuba ba, ba a kuma tambaye ta jinin da ta jawo ba, sai ma aka yi mata alkawarin cewa babu al'ummar da za ta girmama ta kamar Romawa. Ciniki ne tsakanin manya, irin wanda ake yi bayan an gama kashe talakawa. Nan take Jubita ya aiko wata aljanar tsoro, irin su Alekto, wadda take zaune a bakin gadon sarautarsa. Ta zama ƙaramin tsuntsun dare tana bugun garkuwar Turnus da fikafikai har gaɓoɓinsa suka mutu, ta kuma kori 'yar'uwarsa Juturna daga filin. Allahn da ya yi alkawarin ɗaure hauka da sarƙa, ashe yana da nasa haukan da yake aika. Juturna kuwa, wadda Jubita ya ɓata mata budurci ya biya ta da rashin mutuwa, ta nutse cikin kogi tana kukan cewa ko mutuwa tare da ɗan'uwanta an hana ta.

Saboda haka takobin Iniyasu ya yi kama da allolinsa. Jubita na Birjil yana da iko, yana da shiri na tarihi, yana cika alkawarinsa ga al'umma ɗaya. Abin da ba shi da shi shi ne tsarki da zai hukunta zaɓaɓɓunsa, da jinƙai da zai kai ga wanda aka ci. A nan ne kamannin da ake yawan yi tsakanin Iniyasu da Ibrahim ko Musa yake yankewa. Gaskiya ne dukansu sun bar ƙasa saboda kira, suna ɗauke da alkawarin zuriya da ƙasa. Amma Allahn Isra'ila ya aiki Natan ga Dawuda, ya aiki Amos ga Samariya, ya kai mutanensa bauta saboda zaluncinsu, ya kuma ji tausayin Nineba har annabinsa ya yi fushi. A cikin Iniyad babu annabin da ya tsaya a gaban Iniyasu. Yawancin annabce-annabcen waƙar ƙarfafa shi suke yi ya ci gaba. A garkuwar da allahn maƙera ya yi masa an zana tarihin Roma har zuwa Aktiyum, ya saɓa ta a kafaɗa yana murna da zanen, mawaƙin kuma ya ce bai san ma'anarsa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin wa'azin Jubita yana da sauƙin shiga bagade ba tare da mai wa'azi ya lura ba. Duk lokacin da aka karanta nasarar jama'a ɗaya a matsayin hujjar cewa sama tana tare da su, aka kuma mai da ramuwar gayya haƙƙin da ake bin masu rai saboda matattu, tauhidin Iniyad ake yi, ko da ayar da aka karanta daga Joshuwa take. Wanda ya binne ɗan wani da aka ba shi amana ya san nauyin ɗamarar Falas, kuma ba za mu raina wannan nauyi ba. Bulus ma bai raina shi ba sa'ad da ya rubuta wa masu bi da ke zaune a birnin da ke da haikalin Mars Mai Ramuwa, a sura 12 ta wasiƙarsa, ya cire ramuwa daga hannunsu ya bar ta ga Allah.

Ikkilisiya kanta ta faɗa cikin wannan tarko bayan Konstantin. Da yawa sun ɗauka alkawarin mulki marar iyaka ya koma hannun Roma ta Kirista. Da Alarik da Gotawansa suka shiga birnin suka washe shi a shekara ta 410, arna suka ce barin tsofaffin alloli ne ya jawo, Kiristoci da dama kuma suka rasa ta cewa. Agustin ya fara rubuta Birnin Allah a shekara ta 413, kuma da Birjil ya fara faɗa. A gabatarwar littafin ya ɗauko wasiyyar Ankisis ya ce tausaya wa mai tawali'u da ƙasƙantar da mai girman kai aikin Allah ne, daula ce ta ɗauka ta yafa wa kanta. Ya kuma tambaya yadda mai hankali zai ba gumakan da aka ci a Taroya, har sai da mutum ya ɗauke su ya gudu da su, amanar tsaron Roma. A wani wa'azi da ya yi bayan faɗuwar birnin ya yi abin da ya fi wannan dabara. Ya kawo Birjil a gaban jama'a kamar ana tuhumarsa a kan alkawarin mulkin har abada, ya sa shi ya kare kansa da cewa shi mai sayar wa Romawa kalmomi ne, kuma bai faɗi alkawarin da bakinsa ba, a bakin Jubita ya sa shi, allahn ƙarya da annabcin ƙarya, amma a wata waƙar da ya yi magana da muryar kansa ya ambaci mulkokin da za su shuɗe.